Ƙararrawar Hayaƙi a Gida: Tsawon Ranta, Kula da Ita da Lokacin Canza Ta

Ƙararrawar hayaƙi wata 'yar na'ura ce mai kamar faifai, faɗinta bai wuce tafin hannun babba ba sosai, wadda ake maƙalawa a silin. Da zarar hayaƙi ya shige ta sai ta ɗauki ƙara mai ƙarfi, domin ta tashi masu barci su fita kafin hayaƙin ya ci ƙarfinsu. Abin da masu saye da yawa ba su sani ba shi ne tana da wa'adi kamar magani. Bayan shekara 10 da ƙera ta ba a dogara da ita, ko da kuwa fitilarta tana ƙiftawa. A garuruwa irin su Gwandu da Kalgo, inda ƙurar hunturu da zafin bazara suke da tsanani, tana iya lalacewa tun kafin wa'adin ya cika idan ba a kula da ita ba.

Me ya sa likitoci ke magana a kanta?

Yawancin waɗanda ke rasuwa a gobarar gida hayaƙi ne ke halaka su kafin wuta ta iso gare su. Hayaƙin gobara yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ke manne wa jini fiye da iskar oksijin sau 200 ko sama da haka, ta hana shi kai iska ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Idan katifar soso, kujerun falo, labule ko robobi ne ke ci, hayaƙin yana iya haɗawa da gubar sayanaid. Mai barci kuma hancinsa ba ya tashinsa. Jin wari yana raguwa ƙwarai a cikin barci, gubar hayaƙin kuma tana ƙara nutsar da mutum har ya suma a kan shimfiɗarsa.

Gobarar dare a wurin kwana ita ce mafi muni. A watan Fabrairun 2025 wuta ta tashi cikin dare a wata makarantar allo a Kaura Namoda ta jihar Zamfara, almajirai aƙalla 17 suka rasu. A ɗaki mai kayan soso da roba, lokacin da mutane ke da shi na fita lafiya yana iya zama minti biyu ko uku kacal. Motar kashe gobara ba za ta iso cikin wannan lokaci ba ko a tsakiyar Birnin Kebbi, balle a ƙauyukan Gwandu. Ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta nuna cewa kusan uku cikin biyar na mace-macen gobarar gida a ƙasar suna faruwa ne a gidajen da babu ƙararrawa, ko akwai amma ba ta aiki. Kashi na biyun nan, wato ƙararrawar da ke maƙale amma ta mutu, shi ne abin da wannan bayani ya fi mayar da hankali a kai.

Ire-irenta

Iri biyu ne aka fi sani. Na farko yana aiki da haske: a cikinsa akwai ɗan ƙwai mai haskawa da kuma ido mai gani. Idan hayaƙi ya shiga, sai ya watsa hasken ya faɗa kan idon, ƙara ta tashi. Wannan ya fi saurin gane wuta mai ci a hankali, kamar ta katifar da maganin sauro na kunnawa ya faɗa wa, ko wayar lantarki da ke narkewa. Na biyu yana ɗauke da ɗan mitsitsin sinadarin amerishiyam a rufe cikin ƙarfe. Ya fi saurin gane wuta mai harshe, amma ya fi yawan ƙara ba dalili idan ana girki a kusa. A ɗakin kwana da falo mai aiki da haske ya fi dacewa.

Ta fuskar wuta kuma iri uku ne. Akwai mai batir da ake canzawa, akwai mai batir na litiyam da aka rufe a ciki wanda aka tsara ya kai shekara 10, sannan akwai mai haɗe da wayar gida. Wannan na ƙarshe dole ne ya kasance da batir na ko-ta-kwana, domin a yankinmu ɗauke wuta abu ne na kullum, kuma lokacin da babu wuta ne ake kunna kyandir, fitila da janareta.

Shekara nawa take yi?

Shekara 10, ana lissafawa daga ranar da aka ƙera ta. Ranar saye ko ranar maƙalawa ba sa cikin lissafi. Ƙararrawar da aka ƙera a 2019, ta zauna a shago aka saye ta a 2022, wa'adinta 2029 ne.

Dalili shi ne na'urar ba ta hutawa dare da rana. A hankali ƙura da maiƙon hayaƙi suna taruwa a ɗakin da ke gane hayaƙin, ƙananan kayan lantarkin ciki suna tsufa, wuraren da batir ke taɓawa suna tsatsa. Tsohuwar ƙararrawa takan koma ɗaya daga hali biyu: ko ta yi ta ƙara ba dalili har a gaji a cire mata batir, ko ta yi jinkirin jin hayaƙi. Sabon batir ba ya gyara ko ɗaya daga cikinsu.

Domin a ga ranar, a murɗa na'urar a sauko da ita daga mazauninta a duba bayanta. Yawanci an rubuta da Turanci "Date of manufacture", wato ranar ƙerawa, ko "Replace by", wato ranar da za a canza. Idan babu rana ko kaɗan, ko rubutun ya goge, a ɗauke ta a matsayin wadda wa'adinta ya wuce. Yana da kyau a rubuta shekarar canzawa da alƙalami mai kauri a gefen na'urar, yadda za a hango daga ƙasa.

Abubuwan da ke rage mata kwana a Gwandu da Kalgo

Ƙurar hunturu. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura mai laushi tana shiga ko'ina, har ɗakin da ke rufe. A ƙararrawa mai aiki da haske ƙurar tana watsa hasken kamar yadda hayaƙi ke yi, sai ta yi ƙarar banza. Idan ta yi yawa kuma takan toshe ramukan da hayaƙi ke bi ya shiga.

Zafin bazara. Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa na'urar tana aiki daidai ne tsakanin digiri 4 zuwa kusan 38 ko 40 a ma'aunin Salshiyas. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafin rana a jihar Kebbi yakan haura digiri 40 a waje, a ƙarƙashin kwano marar silin kuwa ya fi haka nesa. Zafi yana cinye batir da wuri, yana kuma tsufar da kayan ciki. Saboda haka batirin da aka ce zai yi shekara 10 yana iya gazawa kafin nan.

Ƙwari. Gizo-gizo yana saƙa a ramukan, zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a jikinta, ƙananan ƙwari na damina da ke bin haske suna shiga ciki su mutu.

Hayaƙin yau da kullum. Turaren wuta, hayaƙin icce daga murhu da tururin suya suna barin maiƙo a ciki, ƙura kuma ta zo ta manne a kansa.

Laima da yoyon kwano. Ruwan da ke ɗiga daga silin a damina yana sa tsatsa.

Cire batir. Wannan shi ne mafi yawa a ko'ina. A ciro batir don rediyo ko tocila, ko don an gaji da ƙara lokacin da uwargida ke turara ɗaki, sai a manta ba a mayar ba.

Jadawalin kula da ita

Kowane wata: a danna maɓallin gwaji a riƙe har sai ta yi ƙara mai ƙarfi. Idan silin yana da tsawo a yi amfani da sanda. A haɗa gwajin da wani abu da ba a mantawa, misali Juma'ar farko ta wata. A sani cewa wannan gwaji yana tabbatar da batir da ƙarar ne, ba ya nuna dukkan lafiyar ɓangaren da ke gane hayaƙi, shi ya sa wa'adin shekara 10 yake nan daram ko da ta ci gwaji. Kada a gwada ta da ashana ko kyandir a kusa da ita.

Lokacin hunturu: a share ta sau ɗaya a wata da busasshen tsumma ko burushi mai laushi, a kakkaɓe ramukan gefe. Idan hunturu ya wuce a sauko da ita a yi mata shara sosai. Kada a wanke ta da ruwa ko sabulu, kada a fesa mata maganin sauro ko turare, kada a buɗe ɗakin cikinta.

Kowace shekara: a sa sabon batir ga mai batir na canzawa, ko da tsohon bai nuna ya mutu ba. Farkon hunturu ya fi dacewa, domin lokacin ne ake yawan shiga da wuta ɗaki, iska ta bushe, gobara ta fi yawa. A sa irin batirin da kamfani ya rubuta a bayan na'urar, a guji mai caji sai dai idan an rubuta cewa ya halatta. Bayan sa batir a danna gwaji.

Bayan tafiya ko gyaran gida: idan an dawo daga doguwar tafiya a gwada. Idan za a yi fenti ko aikin siminti a sauko da ita, a mayar ranar da aka gama. Fenti a jikinta yana toshe ramukan.

Ma'anar ƙararrakin da take yi

Ƙara mai ƙarfi da ke maimaituwa ba tsayawa tana nufin hayaƙi. A tashi kowa a fita.

'Yar ƙara guda ɗaya, "kit", duk bayan daƙiƙa 30 zuwa 60, tana nufin batir ya yi rauni. Takan fara ne da tsakar dare, saboda sanyin dare yana ƙara rage ƙarfin batir. A canza shi a ranar.

Idan 'yar ƙarar ta ci gaba bayan an sa sabon batir an kuma share ƙura, na'urar ta zo ƙarshe ko ta lalace. Haka nan mai rufaffen batir idan ta fara wannan ƙara, gaba ɗayanta ake canzawa.

Idan turare ko girki ne ya tayar da ita, kuma an tabbatar babu wuta, a buɗe taga a kaɗa iska. Da yawa suna da maɓallin da ke sa su yi shiru na 'yan mintoci sannan su koma aiki da kansu. Idan abin yana yawan faruwa a matsar da ita nesa da wurin hayaƙin, kada a cire batir.

Yaushe za a canza ta kafin shekara 10?

- Idan ba ta yi ƙara ba a gwaji bayan an sa sabon batir.
- Idan ƙarar ta yi rauni ko ta shaƙe.
- Idan tana yawan ƙara ba hayaƙi ko bayan an share ta.
- Idan ruwa ya shige ta, ko batir ya fashe ya zubo a ciki.
- Idan an yi mata fenti, ko ta faɗi ta tsage.
- Idan an taɓa yin gobara ko hayaƙi mai yawa a ɗakin.

Idan an tare a gidan haya, kamar gidajen da ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ke kamawa a Kalgo, aka tarar da ƙararrawa a silin, a sauko da ita a duba ranar da batirin tun daren farko.

Sayen sabuwa da zubar da tsohuwa

A duba ranar ƙerawa tun a shago, a zaɓi wadda ba ta daɗe a ajiye ba. A nemi alamar inganci a jikinta: EN 14604 ta Turai ko UL 217 ta Amurka. A guji ta gwanjo, domin ba a san shekarunta ko inda ta zauna ba, kuma mai yiwuwa ne an cire ta ne don wa'adinta ya cika. A sa mai shago ya sa batir ya danna gwaji a gaban mai saye.

Tsohuwa kuma a cire mata batir. Kada a jefa ta ko batirinta a wutar shara, domin batir na iya fashewa. Kada a bar yara su fasa ta su yi wasa da ita. Mai ɗauke da amerishiyam ba ta da haɗari muddin tana rufe, amma ba a fasa ta ko ƙona ta.

Ina ya kamata a maƙala ta?

Hayaƙi sama yake tashi, don haka wurinta silin ne, kusa da tsakiyar ɗaki, aƙalla santimita 30 daga bango. A nisanta ta da fukafukan fanka da kimanin mita ɗaya, da kuma taga da ƙofa, domin iska tana kore hayaƙin daga gare ta. Tsakaninta da murhu ko risho ya kai aƙalla mita 3.

Tsarin gidajenmu yana buƙatar lura. A gida mai tsakar gida, inda kowane ɗaki ke buɗewa waje, ƙararrawa ɗaya a falo ko zaure ba za ta ji hayaƙin ɗakin amarya ko na yara ba. Kowane ɗakin da ake kwana yana buƙatar tasa. Idan kuɗi bai kai ba, a fara da ɗakin yara, na tsofaffi, da wanda ake ajiye batirin sola ko ake cajin wayoyi. A ɗaki mai kwano ba silin, kada a manna ta a jikin kwanon. A sa ta a katako ko a bango, santimita 15 zuwa 30 ƙasa da rufin. Makarantun allo, ɗakunan kwanan ɗalibai da shagunan da ake kwana a ciki su ma suna buƙata. A kicin ba a sa ƙararrawar hayaƙi; akwai wata dabam mai gane zafi da aka yi don wurin.

Abin da ba ta iya yi

Ƙararrawar hayaƙi ba ta gane iskar kabon monoksaid idan babu hayaƙi. Wannan iska ba ta da launi ko wari. Tana fitowa daga janareta da kuma garwashin gawayi, har wanda ya ruru ya daina hayaƙi. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, ko janareta a zaure, baranda ko kusa da taga, yana iya halaka iyali gaba ɗaya ƙararrawar tana shiru. Akwai na'ura ta dabam don wannan iska, mai alamar EN 50291 ko UL 2034. Wa'adinta yakan kasance shekara 5 zuwa 7, wasu 10, kuma an rubuta a bayanta. Ko da ita, janareta a waje yake zama, kimanin mita 6 daga ƙofa da taga, kuma ba a kwana da garwashi a ɗaki. Haka kuma ƙararrawar hayaƙi ba ta gane yoyon iskar gas ta girki.

Ba kowa take tasa ba. Bincike ya nuna ƙananan yara da yawa suna ci gaba da barci duk da ƙarar. Haka tsofaffi masu raunin ji, kurame da masu shan maganin da ke sa barci. A tsara tun yanzu wane babba ne zai ɗauko wane yaro, wa zai taimaka wa tsoho ko majinyaci. A ajiye makulli a wuri ɗaya kusa da ƙofa, musamman a ɗakunan da tagoginsu ke da ƙarfe.

Idan ta yi ƙara da dare

A tashi kowa da ihu, a fita nan take ba tare da tsayawa kwashe kaya ba. Idan hayaƙi ya cika ɗaki a rarrafa, iskar ƙasa ta fi tsabta. A ja ƙofa a rufe bayan an fita domin rage wa wutar iska. A taru a wuri ɗaya a waje a ƙirga mutane. A kira hukumar kashe gobara ko lambar gaggawa ta ƙasa, 112, a kuma nemi taimakon maƙwabta. Wanda ya fita kada ya koma ciki.

Yaushe za a je asibiti?

A kai duk wanda ya shaƙi hayaƙi asibiti ba jinkiri idan yana da ɗaya daga cikin waɗannan:

- wahalar numfashi, numfashi mai ƙara ko tari da baƙin majina;
- dusashewar murya;
- baƙin hayaƙi a hanci ko baki, ƙuna a fuska, ko gashin hanci da ya babbake;
- ciwon kai, jiri, amai, ruɗewa, ciwon ƙirji ko suma, ko da ya farfaɗo.

Kumburin maƙogwaro bayan shaƙar hayaƙi mai zafi yana iya bayyana bayan awanni, saboda haka ganin mutum yana magana lafiya a farko ba tabbaci ba ne. Mata masu ciki, jarirai, tsofaffi, masu asma, masu ciwon zuciya da masu sikila a kai su ko da alamun ba su da yawa. Idan mutane da dama da suka kwana ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri a lokaci guda ba tare da zazzaɓi ba, a yi zargin kabon monoksaid kafin a ce zazzaɓin cizon sauro ne. A fitar da su iska, a gaya wa ma'aikatan lafiya cewa akwai janareta ko gawayi a kusa. Wannan bayani yana da muhimmanci, domin 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana iya nuna oksijin daidai alhali jinin cike yake da gubar. Babban maganin shi ne oksijin, ba madara ko manja ba.

Ƙuna kuma a zuba mata ruwa mai tsabta, marar ƙanƙara, na tsawon minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsumma mai tsabta. Kada a shafa ƙwai, man goge baki, gishiri ko baƙin mai. A fara da asibiti mafi kusa. Masu buƙatar kulawa ta musamman akan tura su manyan asibitoci, irin su Cibiyar Lafiya ta Kebbi da ke Kalgo ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi.

A taƙaice

A gwada ƙararrawa kowane wata, a share ta lokacin hunturu, a sa sabon batir kowace shekara, a canza ta gaba ɗaya idan ta cika shekara 10 da ƙerawa ko ta nuna alamar lalacewa kafin nan. Duk mai ita a gida ya sauko da ita yau ya duba ranar da ke bayanta.